Dokin da Yuk-ying Ta Yi wa Wanka

Kwok Yuk-ying ta tsufa tana sayar da kunun shinkafa a wani lungu na Hong Kong, kuma kowa a unguwar ya san ta da tsabta da taurin kai. Burinta ɗaya ne: ranar auren jikarta Hoi-lam, idan amarya ta durƙusa ta miƙo mata shayi, ita ma ta zura mata awarwaron zinare kamar kowace kaka.

Da ta tara 'yan kuɗinta, guntun zinare ta so saya, irin wanda ake aunawa. Ɗanta Wai-keung ya hana ta.

"Haba Mama, wannan ai sayayyar mutanen da ce. Ki sayi sulen zinare mai hoton doki, tunda bana shekarar doki ce a kalandarmu. Kaɗan aka buga, masu tara irinsa za su yi rububinsa, ki sayar da riba."

"Kai da ko tukunya ba ka taɓa saya ba?" in ji ta. Amma ta saya, a rufe ruf cikin 'yar robarsa.

Sai ga sabuwar shekara, lokacin wanke gida kaf don a kori tsiyar bara. Yuk-ying kuwa ba ta ƙyale komai. Ta ɓalle robar, ta sa buroshi da man goge baki, ta dirje doki tas.

Da biki ya matso, ta kai wa tsoho Tsang maƙerin zinare don ta sayar ta sayi awarwaro. Ya duba a fitila, ya yi tsaki.

"Yaya Kwok, wa ya yi wa dokin nan wanka?"

"Ni mana. Da dauɗa zai shiga sabuwar shekara?"

"To, kin wanke ribar. Masu tarawa ko shatin yatsa ba sa so a jiki."

Ta hango kanta a wurin biki ba komai a hannu.

"Zinaren fa?"

Tsang ya auna. "Yana nan, buroshinki bai cinye shi ba. Zai yi awarwaro ɗaya, siriri."

"Narka shi."

Ranar biki dangin ango suka loda wa amarya awarwaro masu kauri har gwiwar hannu. Yuk-ying ta kurɓi shayinta, ta fito da nata a kunyace. Hoi-lam ta ture sauran sama, ta miƙo wuyan hannu.

"Sa min a nan, Kaka. Waɗannan gobe akwati za su koma. Naki ne zan riƙa zuwa aiki da shi."