Sallamar Sagiru a Kasuwar Gezawa

Daminar bana ta cika shekara biyar da rasuwar ƙanena Sagiru. Hatsarin babur ne ya yi ajalinsa a hanyar dawowa daga Kano, ana shirin ɗaura masa aure bayan kaka. Ni ce babbar yayarsa, ni na goye shi, kuma duk gidanmu ba wanda ya kai ni yi masa tsiya. Malamar firamare ce ni a wani ƙauye tsakanin Tofa da Dawakin Tofa, sanina da kwamfuta bai wuce a kunna a kashe ba. Saboda haka in na yi tuntuɓe wajen bayanin aikinsa, masana su yi mini afuwa, yadda ya fahimtar da ni haka zan faɗa.

Mahaifiyarmu, Inna, mace ce mai tawakkali, ta san mutuwa rigar kowa ce. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne Sagiru bai bar baya ba. Ba ɗa, ba 'ya, ba ko katangar da za a nuna a ce shi ya gina. Tun ranar sadakar arba'in ta fara yi mini wata tambaya, kuma ba ta daina ba shekara da shekaru: "Yanzu ina yi masa addu'a, ke ma kina yi. In muka bi shi fa, wa zai ce Allah ya jiƙan Sagiru?"

Sagiru ya yi makarantar kimiyya, ya wuce jami'a, ya samu aiki da wani kamfani da bai taɓa taka ofishinsa ba. A zauren gidanmu yake aikin, da kwamfuta a cinya da farantin sola a kan rufi. Mutanen gari suka daɗe suna yi wa Inna jaje a ɓoye, wai yaro ya gama karatu ya rasa abin yi. Sai da ya haɗa wa ƙungiyar manoman garinmu wani abu sannan aka yarda ba zaman banza yake yi ba. Malamin gona zai ɗauki saƙo da bakinsa sau ɗaya, a ce tsutsa ta shiga masara, ko za a yi wa awaki rigakafi, ko akwai gayya a gonar wane, sai wayar kowane manomi ta yi ƙara ya ji saƙon, ko da ƙaramar waya ce mai tocila. Injinan da ke buga wayar ba a garinmu suke ba. Kwamfutocin haya ne a wata ƙasa mai nisa, abin da su Sagiru suke ce wa kilawud. Ta intanet ake kama hayarsu a ɗora aiki a kai, mai hayar ba ya taɓa ganinsu da idonsa.

Kafin a yi shuka a shekarar ya gama na garinmu, abu ya kama aiki, kowa yana sa masa albarka. Na ɗauka zai huta. Ina! Sai ya sake duƙufa, ya cinye daminar nan cur yana rubuta wani abu da ya kira samfuri. Da na matsa masa da tambaya ya ce rubutu ne da ke gaya wa kwamfutocin hayar nan yadda za su tada aikin tun daga tushe: a buɗe inji mai buga waya, a buɗe wani mai ajiye lambobin mutane, a haɗa su, a sa musu ƙofa, a faɗi wanda aka yarje wa ya shiga. Ya bar gurbin sunan gari da gurbin lambobin manoma babu komai a ciki. Duk wanda ya ɗauki samfurin ya cike guraben nan ya danna, aikin zai tashi sukutum a garinsu kamar yadda ya tashi a namu. In ma ya lalace ba sai an tsaya faci ba, rushe shi ake yi a sake tadawa daga samfurin.

Na ce masa, "An ce ka haƙa rijiya ɗaya, ka haƙa, ruwa ya fito. Meye kuma na zama kana rubuta wa mutanen da ba su roƙe ka ba yadda ake haƙa?" Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Yaya, wancan na ci ne. Yanzu iri nake warewa."

Nan ya taɓo mini marigayi Baba. Idan girbi ya zo, kafin a ɗaure dami ko ɗaya, Baba yakan bi gona shi kaɗai yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika ido. Ya ɗaure ta daban, ya rataye a madafi inda hayaƙi ke bugunta don kada ƙwari su ci. Ko a shekarar da rumbu ya ƙare da wuri muka koma kwaɗon zogale, ba wanda ya isa ya kalli damin nan da sunan tuwo. Amma duk wanda ya yi sallama a ƙofar gida ya ce iri yake nema, ko daga wane gari yake, Baba ba ya hana shi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sagiru bai iya huɗa ba, kunyarsa a karkace take fita har ana yi masa dariya, amma wannan halin na Baba ya kwashe shi kaf.

Akwai gurbi ɗaya da ya ce ba a barin sa fanko, wato muryar da za ta yi sallama kafin saƙo ya shigo. Dole a sa wani abu na gwaji, in ya so kowane gari ya cire ya sa muryar wani nasu. Ina nan ranar da ya ɗauka. Da hantsi ne, injin niƙan maƙwabta ya kore shi daga zaure, ya shigo tsakar gida ya tarar Inna na surfe. Ya roƙe ta ta ɗan dakata, ta ce gero ya riga ya jiƙa, ba zai jira wayarsa ba. Ya yi dariya, ya kai wayar bakinsa ya ce, "Salamu alaikum, manoma. A ɗan jingine fartanya, ga saƙo." Taɓaryar Inna na dukan turmi a bayansa tim, tim. Na ce ya sake mana, wannan ai abin kunya ne. Ya ce in rabu da shi, na gwaji ne, ba wanda zai bar shi a haka.

Bayan rasuwarsa abin bai daɗe ba. Da sunansa aka kama hayar kwamfutocin, kalmar sirrin shiga kuma shi kaɗai ya san ta, malamin gonan ma aka yi masa sauyin wurin aiki. Kafin wata daminar wayoyin garinmu sun yi tsit. Inna ta ce, "Kin gani, har wannan ma ya bi shi." Abokinsa Kabiru, wanda suka yi makaranta tare kuma sana'arsu ɗaya, ya gaya mini wajen ta'aziyya cewa Sagiru ya ajiye samfurin a wani dandali na intanet inda masu irin aikinsu ke barin abu kowa ya ɗauka kyauta. Na kai wa Inna wannan labari da zumuɗi. Ta ce a ina ne, in kai ta ta gani. Ba ni da inda zan kai ta, maganar ta mutu a nan, Kabiru kuma aiki ya mayar da shi Abuja.

Nakan zauna in ce da Sagiru zai leƙo yau, me zai ce? Farantin solar da ake zuwa kallo a rufinmu yanzu ya zama ruwan dare, har mai shayi yana da nasa. Birni ya miƙo ƙafa, gonakin bakin titi inda muke kiwon awaki an yanka su fuloti an kafa musu turakun siminti, kuma na san wannan zai sosa masa rai fiye da yadda zai nuna. Kabiru ya ce yanzu akwai manhajar da za ka gaya wa abin da kake so ta rubuta maka samfurin da kanta, aikin da ya ci wa Sagiru damina a gama shi a wuni. Ban jin zai yi kishi. Dariyarsa zai yi, ya gwada abin, ya gano inda ta yi shirme, sannan ya tambaya ko an bar wa na baya ƙofa a buɗe. Ni kuwa zai dubi furfurar da ta fito mini ya ce ai alhakinsa ne. Ina kewar wannan tsokanar fiye da yadda zan iya rubutawa.

A farkon daminar nan na je suna Gezawa, na biya kasuwa in sayi albasa. Mai albasar dattijo ne, da wata ƙaramar waya da aka ɗaure da roba. Muna cikin ciniki ta yi ƙara, ya danna ya ƙure murya kamar yadda tsofaffi ke yi. Sai na ji, "Salamu alaikum, manoma. A ɗan jingine fartanya, ga saƙo." Da tim, tim ɗin taɓaryar Inna a baya. Na durƙusa a gaban tulin albasar. Kafin in dawo hayyacina dattijon ya amsa, "Wa alaikumus salamu wa rahmatullah." Mai tattasai na gefensa ya amsa, wani mai sayayya da ke tsaye shi ma ya amsa. Sannan wani malamin gona da ban sani ba ya shiga bayanin tsutsar masara.

Da saƙon ya ƙare na ce, "Baba, muryar wane ne wannan ta farko?"

Ya ce, "Wallahi 'yar nan ba mu san shi ba, mai sallama muke ce masa. Matasan ƙungiyarmu ne suka kawo abin. Bara an cire shi an sa sarkin noma, muka ce a'a, a dawo mana da mai dakan nan, da shi muka saba."

Na ce, "Kuma kullum sai kun amsa masa?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. "Yo mutum ya yi maka sallama ka yi masa shiru? Ko a rediyo ne ai ana amsawa."

Na gaya masa ƙanena ne, kuma ya rasu, mai dakan da ake ji a bayansa kuwa mahaifiyarmu ce. Dattijon ya yi salati, ya kira na kusa da shi, suka ɗaga hannu a tsakiyar kasuwa suka yi wa Sagiru addu'a da sunansa, ni kuwa ina ta sharar hawaye da bakin mayafi. Da zan tafi ya cika mini leda da albasa ya ce in kai wa mai dakan.

Tun a mota na kira Kabiru. Ya duba ya ce an ɗauki samfurin daga wurare da dama, ba ya iya sanin iyakarsu, wasu garuruwan ko sunansu bai taɓa ji ba. Ya ce a sana'arsu sakaci ne a ɗauki samfuri a bar abin gwaji yadda aka same shi, da Sagiru na nan da ya yi ta mita. Na ce wannan sakacin Allah ya yi masa albarka, na roƙe shi ya tada mana namu. Na samu sabon malamin gona da shugabannin ƙungiya, suka yarda za su riƙe hayar da sunan ƙungiya a wannan karon. Daga Abuja Kabiru ya cike sunan garinmu da lambobin mutane ya danna. Na ɗora ruwan tuwo, kafin ya tafasa ya kira ya ce an gama. Na roƙe shi lambar Inna ta zama ta farko.

Bayan la'asar ne, tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Na riga na ba ta labarin Gezawa, ta saurara, amma gani ya kori ji. Wayar ta yi ƙara, na danna na miƙa mata. Da ta ji shi hannunta ya tsaya cak a cikin faifai. Ta amsa a hankali, cikakkiyar amsa har da barakatuhu, ta ƙara da "ɗan nan." Sai ta kasa kunne ga dakan, ta ce, "Ji fa, ashe da ƙarfina a lokacin." Muka yi dariya muna kuka. Can ta ce, "Kin ce har a Gezawa ana amsa masa?" Na ce har inda ba mu sani ba, Inna. Ta ce, "To, alhamdu lillahi," ta ci gaba da ɓararta. Daga ranar ba ta sake yi mini tambayar nan ba.

Ni ba malamar addini ba ce, ba zan yanke hukunci a kan ladan amsa sallamar da aka ɗauka a waya ba, wannan yana wurin Mai rahama. Abin da na sani shi ne aikin da Sagiru ya yi wa garinmu ya mutu tare da shi, irin da ya ware ne ya rayu, kuma daga cikinsa muka sake samun namu. Bai bar ɗa ba, bai bar katanga ba. Ya bar mutanen da ba su san fuskarsa ba suna jingine fartanya suna roƙa masa aminci da rahama, damina bayan damina. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Baba, ya kyauta namu ƙarshen.

Kai kuma mai karatu, in wata rana wayarka ta yi ƙara a gona, ka ji wani saurayi ya yi sallama ana daka a bayansa, ƙanena ne. Ka amsa masa.