Shekarar da Oberdan Ya Faɗi Gaskiya

A garinmu duk mai hawan keke maƙaryaci ne, kuma ba a ɗauke shi abin kunya ba. Da watan Mayu ya kama, tseren shekara ya matso, shiga shagon kofi na dandali ka sha labari. Wanda ya kwashe hunturu yana hawan tudu tun kafin a kaɗa ƙararrawar coci, shi ne zai dafa gwiwa ya ce, "Ni bana ko sirdi ban taɓa ba." Na kusa da shi ya ce, "Kai ma ka samu, ni tari ya kwantar da ni wata biyu." Ranar Lahadin tsere kuma su wuce ka fuu kamar an koro su. Haka muka gada a yankinmu na Romanya da ke ƙasar Italiya, ba mai gaskata wani.

Oberdan Zoffoli, mai gyaran tagogin katako, ya fi kowa iya wannan ƙarya. Shekararsa sittin da uku, siriri ne, ga gashin baki da yake murzawa in zai shara ta. Sai ga shi bana, karo na farko a rayuwarsa, maganar ta zama gaskiya.

A watan Nuwamba matarsa Nives ta zame a matakala, ƙashin ƙugunta ya karye. Oberdan ya rataye keke a bango. Wata huɗu yana riƙe da hannunta a barandar asibiti, daga ƙofa zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa. A gida ya koyi murza ƙullin gurasar piadina, tana fitowa karkatacciya, Nives ta cinye ta a haka. Inda ya saba tara kilomita dubu huɗu a kan keke kafin tsere, bana ɗari uku ya yi, su ma a shimfiɗaɗɗiyar hanyar bakin teku.

Tseren namu hanya biyu gare shi. Gajeriya kilomita casa'in, tudu uku. Doguwa ɗari da saba'in, tudu bakwai. Tare ake tashi, sai an kai mararrabar tsohon injin niƙa kowa ya zaɓi tasa: hagu gida, dama duwatsu. Da ƙarfe sha ɗaya daidai ake sauke sanda a tare doguwar, wanda ya makara dole ya bi gajeriya.

A saman injin kofi na shagon nan kuwa akwai allon katako. Ba a rubuta sunan kowa a kai sai wanda ya gama doguwa sau ashirin da biyar a jere, ba fashi. Suna uku ne kacal, na ƙarshe na mahaifin Oberdan ne. Ka yi fashin shekara ɗaya, lissafinka ya koma farko. Oberdan yana da ashirin da huɗu, kuma mai sittin da uku ba ya sake farawa.

"Wallahi ban yi atisaye ba," ya ce wa amininsa Iader, wanda ciwon gwiwa ya raba da keke, yanzu shi ke tsaron sandar mararraba.

Iader ya kwashe da dariya har kofi ya sarƙe shi. "Tsohon maƙaryaci! Bara ma haka ka ce, ka bar yara a tudu na shida suna kiran iyayensu."

"Bana da gaske nake."

"Bara ma da gaske kake. Kai dai rage gashin bakin nan, za a ɗauke ka hoto a ƙarƙashin allo."

Oberdan ya rantse, aka yi dariya. Ya ɗage wando ya nuna ƙwaurinsa da ya saki, aka tafa masa, wai bana ya zo da sabon salo. Kai, abin haushi! Mutum ya faɗi gaskiya sau ɗaya a rayuwarsa, a rasa mai saye.

Makon nan gaba ɗaya kansa ya ɗaure. Da safe ya ce doguwa, ai ƙafa ba ta manta hanya. Da rana ya hau tsani gyaran taga, cinya ta yi rawa, ya ce gajeriya. To amma gajeriya ai zubar da shekara ashirin da huɗu ne da hannunsa. Doguwa kuma, in ƙarfi ya ƙare, motar tsintsiya ce: farar motar nan mai tsintsiya ɗaure a rufi, da ke bin bayan tsere tana kwashe waɗanda suka gaza. Direbanta Widmer ne, ƙanin Nives, mai bakin da ba ya ƙyale ko limamin coci. Oberdan ya sa ayaba shida a aljihun riga, ya cire huɗu, ya mayar da biyu.

"Nives, wacce zan bi?"

"Ƙafafunka ne, maigida," ta ce, tana dogara sanda. "Ni da ƙyar na samu nawa suka dawo."

Ranar Asabar dabara ta faɗo masa, ya ji sanyi a ransa. Ba zai zaɓa ba. Zai yi ta jan ƙafa har sha ɗaya ta wuce, ya tarar da sanda a sauke. Kowa ya ce agogo ne ya cuce shi, shi ma ya gaya wa kansa haka.

Ranar Lahadi kuwa ya yi jan ƙafar da ba a taɓa gani ba. A teburin abinci na farko da aka shirya wa masu tsere a bakin hanya ya tsaya ya ci kek yanka uku, yana tambayar matan da ke rabo lafiyar jikokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ya sauka ya matsa taya, alhali lafiyarta lau. Sau biyu ya zaga bayan itacen inabi ba tare da yana jin komai ba. Da ya hango injin niƙa, agogonsa ya nuna sha ɗaya da minti bakwai. Ya shirya fuskar baƙin ciki.

Sanda tana sama.

Iader na tsaye a gindinta, ya rufe agogo da tafin hannu, yana kashe masa ido. "Agogona ya tsaya, mutumina! Na ce musu Oberdan tattalin ƙarfi yake, ku jira ku gani. Wuce, kafin alƙalin tsere ya waiwayo!"

"Iader, sauke ta."

"Ji ɗan iska, har yanzu wasa yake!"

"Don Allah sauke ta!"

Mutanen bakin hanya suka ɗauki tafi suna yi masa kirari da sunan ubansa. Oberdan ya duba hagu, ya duba dama, ya sake duba hagu. Har yau bai san ko shi ya juya kan keken ba, ko keken ne ya bi inda ya saba. Ya dai ji ƙarar sanda ta sauka a bayansa, yana kan doguwa.

Tudu na huɗu ya haye shi da haƙora a cije, har ya fara tunanin ko dai su Iader ne ke da gaskiya, ko ƙaryar ce yake yi bai sani ba. A tsakiyar na biyar cinyar dama ta ɗaure tamau. Ya miƙe ta, ta hagu ta kama. Ya sauka yana tura keke, takalmin tsere na ƙwas-ƙwas a kwalta. Ba kowa gabansa, ba kowa bayansa, sai kukan injin motar tsintsiya da ke binsa sannu-sannu.

Widmer ya leƙo ta taga. "A'a, mijin Yaya! Keken ne ya gaji kake lallashinsa? Ko goya shi za ka yi?"

Oberdan bai waiwaya ba. Ya ƙara taku hamsin, ya ƙara ashirin. Ya ɗaga kai ya ga hanya tana ta murɗewa sama, bayanta kuma akwai tudu biyu. Sai ya tsaya. Da kansa ya kwance lambar tsere daga bayan riga ya miƙa ta taga. Widmer ya karɓa, ya sauko ya ɗora keken a baya.

Oberdan ya buɗe ƙofar gaba, sai ga Nives zaune, sanda tsakanin gwiwoyi, gorar kofi a cinya.

"Ke kuma me kike yi a nan?"

"Tun mako biyu Yaya ta kama kujerar nan," in ji Widmer. "Ta ce in na faɗa maka sai ta karya mini sandar a ka."

"Ashe kin sani."

"Duk garin nan ni kaɗai na san inda ƙafafunka suka yi hunturu," ta ce. "Shigo, rana na dukanka."

Ya zauna a gefenta. "To me ya hana ki ce in bi gajeriya?"

"Da na ce, da ka bi?"

Bai sani ba. Ko yanzu da komai ya ƙare, bai san wacce ya kamata ya bi ba. Abin da ya sani kawai, gurbin nan na ƙarƙashin sunan ubansa zai zauna fayau har ya mutu. Baƙin ciki ya taso masa, dattijo ya kifa kai yana kuka kamar ba a gaban ƙanin matarsa ba.

Nives ta bar shi ya yi mai isarsa. Sannan ta karɓi lambar daga hannun Widmer, ta ninke ta sa a jaka, ta zuba kofi a murfin gora.

"Daga ƙofa zuwa taga taku arba'in ne," ta ce. "Sau talatin kullum, wata huɗu, ba ka yi fashin rana ɗaya ba. Ni na ƙirga. Karɓi, sha kafin ya huce."