Kawu Isufu da Dillalan Littafi

Duk wanda ya taɓa zama kusa da Kawu Isufu a wurin suna ko bayan sallar Juma'a a nan Greensboro ya san tambayarsa. Kafin ka gama amsa gaisuwa ya zaro biro daga naɗin hularsa, ya ce, "Bon, to, yaya aka yi ka haɗu da mai ɗakinka?" Na ga manyan alhazai suna canja sahu saboda shi. Ranakun aiki yana ɗaga kwalaye a wani kamfanin safar ƙafa, Asabar da Lahadi kuma yana teburin kicin a gidan da muke haya a Glenwood, yana rubuta labaran soyayya. Dattijo ne ɗan Damagaram, ya doshi sittin, gemu duk furfura. Ni ce Rakiya, 'yar ƙanwarsa, wadda ya ɗauko don karatun jami'a. Da yake ni ce mai Turanci a gidan, duk abin kunyar da ya biyo baya ta bakina ya bi.

Littafin da ya fi ji da shi labarin wani tela ne a Maraɗi da wata mai sayar da tikiti a tashar mota, wadda take ta kawo masa riga ɗaya yana rage mata hannu. Shekara ɗaya da rabi na yi ina mai da shi Turanci. Da muka gama, wata ma'aikaciyar laburare ta gaya masa cewa a ƙasar nan marubuci ba ya kai littafi kamfani da kansa, sai ya sami wakili wanda zai tallata masa. Kuma wakilin ba ya karanta littafin sai ka burge shi da wasiƙa mai shafi ɗaya.

Kawu ya ce, "Dillali ke nan. Irin na kasuwar shanu. Na san halinsu."

Muka zauna rubuta wasiƙar. Ya fara da gaisuwa: ina gajiya, ina iyali, yaya sanyin New York, yaya tsofaffi in suna raye, in sun rasu Allah ya jiƙansu. Kafin mu iso kan tela shafi ya cika.

Na ce, "Kawu, ba a yin haka a nan. Kai tsaye ake shiga."

Ya ce, "Mutumin da ban tambayi lafiyar uwarsa ba, shi zan danƙa wa soyayyata?"

Da ƙyar muka daidaita a kan layi uku. Tsofaffin dai ya ƙi a cire su.

Amsoshi suka fara zuwa a cikin ambulan ɗin da mu muka sa musu da kan sarkinmu. Duka iri ɗaya: sun gode, amma littafin bai dace da su ba a wannan lokaci. Ni nake karantawa, muryata ƙasa-ƙasa. Shi ko a jikinsa.

"A wannan lokaci, suka ce? To, bari wata ya kama."

Wata na kamawa sai ya sa in sake aika musu. Akwai wata baiwar Allah da muka aika wa sau shida, har ta rubuto da jan biro cewa don girman Allah mu daina. Ya jinjina kai ya ce ai ga shi ta fara rubuto mana da hannunta. Maganarsa kullum ita ce, "Ba su ƙi ba, ba su gane ba ne." Takardun kuwa ba ya zubarwa. Ya ce takarda ce mai kauri, sai ya juya bayansu ya ci gaba da rubuta sabon littafi. Babi huɗu cur ya rubuta a bayan ƙin mutane.

Sai wata rana wata wakiliya da ta karanta babi uku na farko da taƙaitaccen labarin ta aiko da tambaya. Na karanta a zuciyata, na naɗe takardar, na ce ba komai ba ne. Ya ce in faɗa masa. Ku da kuka san yadda aka rene mu, ku auna: ni, gaban yayan mahaifiyata, in ce masa matar tana tambayar me ya sa a duk littafin masoyan ba su taɓa ko riƙe hannu ba, balle sumba. Tukunyar shinkafa na kalla na faɗa.

Ya ce, "Ba ta karanta da kyau ba. A babi na sha tara ya miƙa mata almakashi."

"Kawu, almakashi ne."

"Yatsunsu sun kusa haɗuwa. Rubuta mata, kusa. In ba ta ji komai a wannan ba, ta je likita ya duba ta."

Amma abin da har yau nake sunkuyar da kai in na tuna shi, a wani taron marubutan soyayya ya faru, a wani otal nan cikin gari. Ana ba kowa minti biyar gaban wakili, ido da ido, ana kaɗa ƙararrawa ka tashi. Kawu ya sha babbar riga ta shuɗiyar shadda, ya fesa turare har direban bas ya buɗe taga. Muka shiga zauren, mata ne wajen ɗari. Maza biyu ne kacal, ɗayan gyaran lasifika ya zo.

A teburin rajista na yi kiciɓis da wata 'yar ajinmu. Ta dubi Kawu, ta dube ni, ta yi murmushi ta ce, "Babanki ne? Soyayya yake rubutawa?"

Na ce mata da Turanci, da sauri, "A'a, wani tsoho ne dai daga wajenmu. Taimaka masa kawai nake yi."

Yana tsaye a gefena yana gyara hula.

Layi ya zo kanmu. Wakiliyar wata mai gajeren gashi ce, gajiya duk ta bayyana a fuskarta. Kawu ya gyara zama, ya fara da Hausa daga kan kakan telan, wanda ya fara kawo keken ɗinki garinsu. Minti biyu suka wuce ba a haifi telan ba. Na ga matar ta saci kallon agogo. Sai kawai na saki labarinsa na kama nawa. Yana bayanin irin zaren da ake yayi a lokacin, ni ina cewa ruwan sama ya tsare su a shago su biyu, ƙofa ta rufe, sun rungumi juna, har da abin da waccan matar ta nema. Wakiliyar ta miƙe zaune. Ƙararrawa na kaɗawa ta ba mu katinta, ta ce a aiko mata da littafin gaba ɗaya. Ba a taɓa ce mana haka ba.

A bas ina ta zuba, ina cewa ai ƙofa ta buɗe. Sai da muka kusa sauka ya dube ni.

Ya ce, "Rakiya, Turancina a baki ne yake ɗingishi. Kunnena lafiyarsa ƙalau." Ya ja igiyar tsayawa. "Tsohon wajenku ya gode da taimako."

Ban iya cin abinci ba ranar. Washegari da hantsi ya kira ni gaban kwamfuta, ya ajiye ƙamusunsa na Faransanci da Turanci a kan cinya, ya ce za mu aika littafin, amma da wasiƙa a samansa.

"Rubuta. Madam, abin da kika ji jiya ba ya cikin littafin nan. Babu ruwan sama, babu rufe ƙofa. Ɗiyata ce ta ƙara gishiri, don tana tsoron in koma gida hannu rabbana."

Na ce, "Kawu, in muka faɗi haka ba za ta ɗauka ba. Mu ƙara shafi ɗaya kawai."

"Telan nan shekara tara na san shi. Ba zai yi haka da 'yar mutane ba."

Na ci gaba da bugawa ina share hanci. Da na zo kan kalmar "ɗiyata", na ce, "In sa 'yar ƙanwata?"

"Ɗiya na ce. Ko ita ma tana ba ki kunya?"

Haka na fassara tonon asirina da hannuna, shi kuma ya bi layi-layi da yatsa yana duba ƙamus, kada in sake ƙara gishiri.

Bayan wata biyu matar ta amsa. Ta ce ta karanta har ƙarshe, akwai wurin da ya sa ta ajiye littafin ta fita shan iska, amma ba ta san kamfanin da zai saya ba. Kawu ya sa na karanta masa sau biyu, ya ce mace ce mai tarbiyya, ya tashi ya ɗora shayi.

Maganar otal bai sake tayar da ita ba, ni ma na yi ta jiran ranar da zan iya buɗe baki in ce ya yafe mini. Kullum sai in ce gobe. Ranar bikin kammala karatuna ya zo da kyamarar aro, duk hoton da ya ɗauka babu kaina a ciki, sai daga wuya zuwa ƙasa. Kafin a wanko hotunan ciwon zuciya ya kayar da shi a wurin aiki, kwana uku a asibiti, bai farfaɗo ba.

Kawu, na yi maka laifi kana tsaye a gefena, ka rufe ni da alheri. Allah ya rufa maka asiri kamar haka, ya haskaka kabarinka, ya sada ka da rahamarsa. Ni kuma ya yafe mini. Amin.