Hannun Hagu a Cikin Ordinatar

Ranar Lahadi ta biyu a watan Fabrairun 1997, bayan an taso daga majami'a, Baba ya fasa mini farcen hannun hagu da muciya. Shekarata tara a lokacin. Mun yi baƙo, wani tsohon fasto daga wajen Buza, an shimfiɗa masa tabarma a gindin dogon yaron tsakar gidanmu, Inna ta aike ni da ruwan sha. Na riƙo kwanon da hannun dama kamar yadda aka sha ja mini kunne, amma da na zo durƙusawa ruwan ya yi tangal-tangal, kafin in ankara hagu ya karɓe ya miƙa. Tsohon bai ko lura ba, ya sha ya sa mini albarka. Baba ne ya lura. Ya raka baƙonsa bakin hanya tukuna. Da ya dawo sai ya zare muciya daga tukunyar tuwo da zafinta, ya danne hannuna a bakin turmi, ya sauke ta sau uku. Na ukun ne ya tsaga farcen ƙaramin yatsa, jini ya gangara cikin turmin. Inna ta faɗo a kaina, na huɗun ya sauka a damtsenta. Yana haki ya ce, "Rahila, in na koma ganin kin miƙa hannun ga, karya shi za ni yi. Kin jiya?" Na ji, kuma na san Baba ba ya faɗin magana biyu.

Bahaguwa aka haife ni, a wani gari na ƙasar Madawa inda asibitin mishan yake, inda kowa ko dai yana aikin asibiti ko yana noman albasa, wasu ma duka biyun. Mu Kirista ne, maƙwabtanmu ta bayan danga Musulmi, akwai abubuwan da muka bambanta, amma a kan hannun hagu bakin kowa ɗaya ne: hannun ƙazanta ne, ba a ci da shi, ba a bayarwa, ba a karɓa. Ni kuwa duk abin kirkin da na iya, shi ya iya. A fadama, lokacin dashen albasa, nakan gama fangali biyu kafin yayyena su gama ɗaya. A wasan carafke babu yarinyar da ta taɓa cinye ni a unguwarmu. In na wurga dutse sama sai in share na ƙasa kaf kafin ya sauko. Hannun dama kuwa, Allah na tuba, kamar na aro. In na ba shi alli sai ya yi ta rawa yana zana tafiyar kaza a kan allo. A lakwal, wato makarantar boko, malaminmu Mushe Idi, haka ake ce wa malami da Faransanci, yana da wata doguwar rula ta katako mai bakin ƙarfe, da gefenta yake duka ba da faɗinta ba. Yakan sa in haɗa yatsu biyar su kalli sama, ya sare su, 'yan aji suna ƙirgawa da Faransanci. In na koma gida da kumburi Baba ya ƙara mini, yana cewa, "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Washegarin dukan muciya Baba ya ɗauko igiyar kaba ya ɗaure mini hannun a ƙugu, ta ƙarƙashin zane, ya yi wani ƙulli da ba mai iya kwancewa sai shi. Da safe ya ɗaure kafin ya tafi aiki, sai za a kwanta ya kwance. Haka na yi ta shara da wanke-wanke da ba akuya dusa da hannu ɗaya, ina fasa abin fasawa ana zagina. Igiyar ta ci wuyan hannun har ya yi ruwa. A bakin rijiya wata yarinya, Talatu, wadda na sha cinyewa a carafke, ta ce in matsa kada mai hannun bayan gida ta taɓa musu guga. Ban tsaya neman hannu ba, na sa kai na tunkuye ta a baki, muka zube cikin caɓi, na kafa mata haƙora a kafaɗa sai da manya suka ɓanɓare ni. Haƙorinta ɗaya ya fita, kuma har yau ban yi nadama sosai ba. A kwanakin nan na tsani Baba, tsana ta gaske. Nakan kwanta ina roƙon Allah ya sa jaki ya taka masa ɗaya hannun ma, domin tun muna ƙanana mun san yatsu biyu na hannunsa na hagu a karkace suke ba sa lanƙwasa, an ce mana jaki ne ya taka shi yana yaro. Kullum hannun yana cikin aljihun riga ko a bayansa.

Baba shi ne mai rubuta sunayen marasa lafiya a asibitin. Shekara biyu kafin nan aka kawo wa ofishinsa kwamfuta, mu a can ordinatar muke cewa. A haɗe ta zo cikin kwali daga ƙasar waje, farin akwatin ƙarfe da gilashinta a kai, ba wanda ya taɓa ganin cikinta. A ciki Baba yake zuba sunan duk mai tarin fuka da ke karɓar magani wata-wata, daga ƙauyukan Keita da Buza har Tabotaki, da ranar da ya kamata kowa ya dawo. Ya fi ji da ita fiye da mu, yana lulluɓe ta da zanen Inna sabo. To, a wannan shekarar sai ta cika. Rumbun da ke cikinta, wanda suke kira diski, ya ƙi karɓar ko suna ɗaya. Wani likita Bature da ya dawo daga hutu ya zo da sabon diski a cikin leda mai ƙyalli, ya zana wa Baba yadda ake ƙara shi a takarda, shi kuma ya koma ɗakin fiɗa inda layi ke jiransa. Mai gyara yana Yamai, kuma ba a san ranar zuwansa ba. Baba ya ce shi zai sa.

Kwana goma sha ɗaya bayan dukan, ranar Alhamis da azahar, Inna ta ɗora mini kwanon abincinsa a ka. Na tarar da ƙofar ofishin a rufe, ya kori kowa, na tura na shiga. An cire wa ordinatar murfi, an zare wayar wuta, ga cikinta a buɗe: wani koren faranti mai ƙananan gine-gine, da wayoyi masu faɗi launin toka kamar ɗamara. Baba ya jiƙe sharkaf da gumi. Ashe komai ya tafi daidai da farko. Ya matsar da wani ɗan maɓalli kamar ƙwayar shinkafa a bayan sabon diskin don na'urar ta san shi ne na biyu, ya zura shi a gurbin da ke ƙarƙashin tsohon, ya haɗa wayar mai faɗi da jan layinta a gefen da takarda ta nuna. Saura kusoshi huɗu masu riƙe shi. Amma waɗanda suka haɗa na'urar ba su yi tunanin wani zai taɓa sa hannu a ciki ba, sun cushe komai. Kusa ta uku ta kuɓuce daga bakin turnabis, abin murza kusa, ta gangara wani lungu tsakanin gurbin da akwatin wuta, ta maƙale a ƙarƙashin gefen koren farantin. In aka kunna da ita a nan, in ji takardar, farantin zai ƙone. An hana a jijjiga, an hana a kawo mayen ƙarfe kusa da diski. Ya karkata ta a hankali, kusar ta ƙi motsi.

Na ajiye kwano na tsaya jikin bango, ya ma manta da ni. Ya gwada da hannun dama ta kowane gefe, hannun ya yi kauri. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Ba tare da ya sani ba ya mayar da turnabis hannun hagu, ya juya shi tsakanin yatsu uku da wata irin ƙwarewa, irin wadda na sani a jikina, ya zura hannun cikin lungun kamar maciji na shiga rami. Ya kai har bakin wurin, amma karkatattun yatsun nan biyu suka tokare ƙarfe suka ƙi wucewa. Ya tura da ƙarfi, bakin ƙarfen ya yanke shi. Ya fizgo hannun ya naushi bango da shi, ya sake naushi, har farar ƙasa ta zubo. Da ya juyo muka haɗa ido na ɗauka ni ce ta gaba, na kare kaina da hannu ɗaya.

"Taho nan," ya ce. Ya sa na taɓa ƙarfen taga tukuna, wai don wutar jiki ta fita. Ya nuna mini kusar da tocila, ƙyallinta kawai ake gani. Na zura hannun dama, ya shiga sarai, amma wannan hannun aro da ya taɓa kusar sai ya ƙara tura ta ciki. Baba ya yi wani nishi kamar an soke shi. Ana jin kukan wani jariri daga ɗakin awo. Ya daɗe yana kallon ƙuguna. Sannan ya durƙusa, abin da bai taɓa yi a gabana ba, ya kama ƙullin. Gumi da jini sun sa yatsunsa santsi, ƙullin ya ƙi, sai ya sa haƙori ya tsinke igiyar. Ya ga wuyan hannun da ya yi ruwa da baƙin farcen da ya kusa cirewa, ya kau da kai. Ni dai ban motsa ba, maganar turmi tana kunnena. Na ce, "Baba, ka ce karya shi za ka yi." Ya ce, "Sa hannun, ɗiyata."

Hannun ya mutu da ɗauri, sai da na yarfa shi jini ya dawo. Na zura shi, tsagaggen farcen ya goga ƙarfe na ji zafin har cikin haƙorana, ban tsaya ba. Yatsu biyu suka lalubo kusar, suka murza ta ta saki, suka tsinto ta kamar dutsen carafke. Na ajiye masa a tafin hannu. Bai karɓi aikin ba, ya miƙo mini turnabis. Ni na ɗaura ta uku da ta huɗu, da hagu, yana haska mini. Ya mayar da murfi, ya kunna. Na'urar ta yi ƙara, ta yi tari, rubutu ya hau gilashi, ya danna abin da takarda ta ce, can sai ga sabon harafi, alamar sabon diskin, ya bayyana kusa da tsohon. Sunayen duk suna nan. Baba ya zauna a kujera ya rufe fuska da hannu biyu, na karkacen a fili. Bai ce na gode ba, bai ce yi haƙuri ba. Ya buɗe kwanon ya ce in ci, kuma bai dubi hannun da na sa ba.

Da la'asar muna tsince wake na tambayi Inna labarin jakin. Ta yi tsaki ta ce, "Wane jaki? Kakanku na. Bisa turmi ya aza mai hannun, da taɓarya, shina da shekara bakwai." Ta ce tun ranar da aka ga na fara rarrafe ina kai hagu, Baba ya daina barci da kyau, gani yake in bai tanƙwara ni da muciya ba, duniya za ta tanƙwara ni da abin da ya fi ta. Ban yafe masa a ranar ba, kada in yi ƙarya. Amma ranar Litinin da Mushe Idi ya ce in haɗa yatsu, sai ga Baba a ƙofar aji da rigar aiki. Ya karɓe rular ya karya ta a gwiwa, ya jefar ta taga, ya shimfiɗa karkataccen hannunsa a kan teburin malam a gaban yara sittin. "Duba da kyau, Mushe," ya ce. "An riga an biya na gidanmu." Daga ranar na rubuta da hagu har na gama makaranta. Ci da gaisuwa da miƙa abu kuwa na koya wa dama a hankali, don a zauna lafiya da mutane.

Yanzu wayar da ke cikin jakata ta fi wancan diskin ɗaukar kaya nesa ba kusa ba, kuma in ta cika ba mai buɗe cikinta, sai dai a goge hotuna. Ordinatar ɗin ta daɗe da zama tarkace, Baba ma ya rasu, da hannunsa na hagu a cikin nawa. Farcen bai sake fitowa daidai ba. Autana Ayuba, mai sunan Baba, bahago ne. Bara muna da baƙi ya miƙa wa wani dattijo kofi da hagu, sai na ji hannuna ya ɗaga sama da kansa zai kai masa duka, ya kai har kafaɗa kafin in kama shi. Na sauke, na shiga ɗaki na zauna ina kewar mutumin da na taɓa roƙon jaki ya taka. Ashe igiyar ta fi wuyar kwancewa a hannun mai ɗauri.