Burtun da Ya Fito Inuwa

Har yau ban manta da safiyar da na bi Baba Sale maharbi cikin wani kurmi a ƙasar Doguwa ba. Lokacin ni ne babban mai ɗaukar hoto a sashen shirye-shiryen karkara na gidan talabijin ɗinmu. Kaka ce, ciyawa ta kai ƙirji.

Wani mai sana'ar gawayi ya nemi izinin sare kurmin a yi gawayi. Mutanen ƙauyen suka ce akwai burtu a ciki, namiji da mace, kuma su kaɗai suka rage a yankin. Kwamitin da ke duba maganar ya ce in an kawo hoton da ya tabbatar da haka, za a hana izinin. Shugaban sashenmu ya ce mini, "Malam Habu, kai ka san haske. Je ka kawo mana tsuntsun nan."

Ga wanda bai san aikin ba: burtu baƙi ne wuluk, sai shuɗi a gefen ido da ja a maƙogwaron namiji. Ita kuwa kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta ne, ta ɗauki matsakaici. Idan sama mai haske tana bayan baƙin tsuntsu, sai ta rage haske, tsuntsun ya fito inuwa. Shi ya sa muke son rana a bayanmu. Maharbi kuma iska yake so a fuskarsa. Ran nan iskar daga gabas take, inda rana ke fitowa.

Na ce, "Baba, mu zagaya, rana ta dawo bayanmu."

Ya ce, "Ɗana, in muka bi ta can birai za su ji warinmu, su shelanta wa duk dajin. Injin naka mai tsada ne, ka ce masa ya yi haƙuri."

Gaskiyarsa ce, na bi shi. Can sai ga kawuna biyu sun ɗago a saman ciyawa, rana daidai bayansu. Na ƙara haske, saurin ɗauka ya ragu, kan ya motsa, hoton ya dagule. Na mai da saurin yadda yake, hoton ya fito tsaf amma baƙi ƙirin. Filasha ba za ta kai nisan ba. Kafin rana ta ɗaga suka nutse cikin ciyawa. Mun sake komawa, ba mu ƙara ganinsu ba.

A zaman kwamiti na nuna hoton da ya fi kyau: dogon baki, ƙahon kai, wuya, sai ciyawa. Wakilin mai gawayin ya yi dariya.

"Yallaɓai, kowa ya san maharbanmu na ɗaura busasshen kan burtu a goshi, su sunkuya cikin ciyawa don su kusanci namun daji. Wa ya raka mai hoton? Maharbi."

Baba Sale ya miƙe. "Ni? Da furfurata? Na ajiye nawa tun kana goye!"

Shugaban kwamitin ya juyo gare ni. "Malam Habu, aikinka ne. Hoton nan shi kaɗai zai bambance mai rai da busasshe?"

Abin da ke bambancewa ƙyallin ido ne da launin fata, kuma babu ko ɗaya a ciki. Na ce, "A'a, ranka ya daɗe."

A waje Baba Sale ya tare ni. "Ba ka gan su da idonka ba?"

"Na gani, Baba. Amma hoton aka tambaye ni."

Ya juya ya hau bayan babur bai yi mini sallama ba. Kafin damina ta dawo an sare kurmin.

Yaran da nake koya wa aiki yanzu sukan ɗauka haske maganar kyan hoto ce kawai. Nakan ce musu wani lokaci hotonka ne kaɗai shaidar mutanen da suka yarda da kai, kuma ba ya faɗin abin da ka gani, sai abin da haske ya bari ya shiga. In bai shiga ba, kai za ka tsaya a gabansu ka faɗa da bakinka.