Takardar da Gwaggo Ta Dangwala wa Yatsa

Ni na rubuta wasiyyar Gwaggo, yayar mahaifina, wata Asabar da hantsi a zauren gidanta da ke unguwar Fadaman Mada a Bauchi. Lokacin ina koyarwa a wata firamare. Ta aiko mini in zo, kuma in taho da biro da farar takarda. Na same ta a kan tabarma ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura, limamin unguwa na zaune a kan buzunsa daga bakin ƙofa.

Gidan nata ne na kanta, da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta gina shi ɗaki-ɗaki. Ɗa guda Allah ya ba ta, yana aiki a Kaduna. Sai kuma 'yar mijinta da ta riƙe tun tana goye, bayan rasuwar uwar yarinyar. Mu duka Yaya muke ce mata, kuma sai da na girma na san ba Gwaggo ce ta haife ta ba. Da mijin Yaya ya rasu ta dawo gidan, ita ke yi wa Gwaggo wanka da girki da kai ta asibiti shekara da shekaru.

"Ɗan nan, rubuta," in ji Gwaggo. "Malam ya ce gadona ba zai kai ga Yayarku ba. To ɗakuna biyun nan na baya na bar mata."

Na rubuta, na karanta mata, ta sa na gyara wasu wurare. Ta dangwala babban yatsanta da tawada, na sa hannu, Liman ya rubuta shaidarsa da ajami a ƙasa. Ta ce in ajiye takardar a wurina, kada in gaya wa kowa.

Liman ya riga ta rasuwa da wata biyar. Bayan an yi sadakar bakwai ɗin Gwaggo na fito da takardar a gaban dangi. Ɗanta ya karanta ta sau biyu, ya ajiye a kan tabarma.

"Inna ba ta cikin hayyacinta a shekarun nan," ya ce. "Kowa ya sani. In na kira ta a waya, magana ɗaya sai ta maimaita mini sau uku."

Ba mugun mutum ba ne. Abokin wasana ne, tun muna yara muke tsokanar juna, kuma bai taɓa barin mahaifiyarsa ta nemi wani abu ta rasa ba. Ina jin abin da ya fi yi masa ciwo shi ne an yi maganar gidan uwarsa da ni da Liman, shi ba a gaya masa ba. Dattawa suka zauna sau biyu abin bai daidaitu ba. Yaya ta ce ita ta haƙura, za ta koma wurin 'yarta a unguwar Ɗan Iya. Ni ne na ƙi. Na ce amana aka ba ni, ba zan naɗe ta in mayar cikin akwati ba. Haka maganar ta kai kotun shari'a.

Kafin nan ban taɓa shiga kotu ba. Na zaci wurin hayaniya ne, sai na tarar yawancinsa jira ne. Mukan zauna a benci a baranda tun ƙarfe tara, masu rigimar gona da masu maganar aure duk a jere, har masinja ya leƙo ya kira mu. Yaya na can ƙarshen benci lulluɓe da mayafi tana jan carbi. Ɗan Gwaggo kuwa a motarsa yake jira. Yakan zo ya gaishe ta, "Yaya, ina kwana," ta amsa, ni kuma ya ɗaga mini hannu daga nesa.

Alƙalin dattijo ne mai sanyin murya, ba ya sauri. A zama na farko ya ce abu uku yake so ya sani: ko wadda aka bar wa ɗakunan tana cikin magada, ko ɗakunan sun wuce sulusin abin da mamaciya ta bari, da kuma ko akwai shaidu biyu a kan cewa ita ta faɗa tana cikin hankalinta. Na farkon ba gardama. Na biyun ya tura ma'aikatan kotu suka je suka duba gidan, suka dawo suka ce ɗakunan ba su kai sulusi ba. Na ukun ne ya ci mana wata huɗu, domin shaida ɗaya yana raye, ɗaya yana kabari.

Alƙali ya ce a nemo mutum biyu da suka san rubutun Liman. Na bi lungunan Ƙofar Dumi har na samu ƙanensa, wani baduku tsoho, yana zaune yana ɗinkin gafaka. Da na yi masa bayani sai ya shiga gida ya fito da littafin da Liman ke rubuta ɗaurin aure a ciki. Ranar zama ya zo tare da na'ibin masallaci. Aka shimfiɗa littafin kusa da takardata. Tsohon ya matso da fuskarsa har hancinsa na neman taɓa takardar, ya daɗe yana dubawa.

"Allah ya gafarta Malam, hannun yayana ne," ya ce. "Shi kaɗai ke jan wutsiyar mimun haka. Malaminmu ya yi ta dukansa a kai bai daina ba."

Na'ibi ma ya shaida. Sai aka zo kaina. Na faɗi abin da na gani da abin da na ji, sannan alƙali ya ba ɗan Gwaggo damar yi mini tambaya. Ya miƙe bai dube ni ba.

"A watan da ka ce an yi rubutun nan, ba kai ka gaya mini Inna ta kira ka da sunan mahaifinka ba?"

Ni na gaya masa, cikin raha, a waya. Na san in na amsa zai iya rushe komai, amma yanzun nan aka gama ja mini kunne a kan shaidar zur, kuma ko ba a ja ba ba zan iya ba.

"Haka ne," na ce. "A ranar ma ta kira ni da shi sau ɗaya."

Alƙali ya ajiye biro. "To me ya sa ka ce tana cikin hankalinta?"

Na ce saboda gyare-gyaren da ta sa na yi. Da na rubuta ɗakuna biyu na baya, ta ce bai isa ba, in ƙara da hanyar zuwa rijiya da ta bayi, don kada wata rana a ce wa Yaya ta bi ta sama. Na kuma rubuta iyakar daga bishiyar lemo, ta ce a'a, daga bayan lemon, lemon na ɗanta ne, ranar sunansa mahaifinsa ya dasa shi. Alƙali ya karɓi takardar ya duba inda na soke layi na sake rubutawa a sama. Ya tambayi ɗan Gwaggo ko maganar lemon gaskiya ce. Ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya ce, kuma ba shi da sauran tambaya.

Bayan mako biyu aka tabbatar da wasiyyar. Karatun hukuncin bai fi minti goma ba. Da muka fito Yaya ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi guɗa ba. Ta yi mini godiya, ta ce in tare mata Keke, tana so ta biya kasuwa ta sayi alayyafo kafin azahar.

Ɗan Gwaggo bai ɗaukaka ƙara ba. Ya zuba 'yan haya a ɗakunan gaba, ya sa aka fasa wa Yaya ƙofa ta waje don kada ta riƙa ratsa tsakar gidan baƙi. Shi da ita sun daidaita tun kafin azumin shekarar, har yana aiko mata da buhun shinkafa. Ni ne abin ya ɗauki lokaci. Kusan shekara biyu gaisuwa ce kawai tsakaninmu, a wurin jana'iza ko ɗaurin aure. Ban matsa masa ba. Yanzu in ya shigo Bauchi yakan biyo ta gidana mu sha fura, mu yi hirar yara da ta damina, ya tashi kafin la'asar ya kama hanya.