Ɗinkin da ke Kafaɗar Ɗan Leƙen Asiri

Kullum bayan sallar asuba, kafin unguwar Al Karama ta cika da hayaniya, Malam Ɗalhatu tela yakan ɗaga ƙofar shagonsa, ya ɗiga wa kekensa mai, ya sayi shayin karak a wajen maƙwabcinsa, sannan ya zauna jiran abin da Hausawan Dubai suka yaga jiya. Ba ya daɗewa yana jira. Mu mutane ne masu sayen wando daidai da cikin da muke fatan samu.

A bayansa akwai baƙar kwat guda a rataye. Duk ɗan Arewan da aka kira ganawar neman aiki, nan yake fara biyowa. Malam Ɗalhatu ya rage hannu ko ya saki kafaɗa, ya ce, "Yalla, je ka. In ka samu, ka dawo da ita a wanke." Kwat ɗin nan ta yi akanta, ta yi injiniya, ta taɓa yin manajan otal. Ta fi yawancinmu sa'ar aiki a ƙasar nan.

Aibinsa ɗaya a idon jama'a, labarin fim. Yakan ce tun yana saurayi, bai daɗe da zuwa daga Jidda ba, wasu Turawa suka zo bakin ruwan Deira, a nan Dubai, ɗaukar fim ɗin leƙen asiri, irin wanda yanzu ake kira tsohon fim mai daraja. Ba za mu ambaci sunansa ba. Su ma ba su ambaci nasa ba. Suka ɗauke shi aikin gyaran tufafi. Wata rana da aka tashi cin abinci, ya tarar da farar rigar jarumin a rataye, ta yage, ta yi ƙura, ga jini-jini a ƙirji. Bai san cewa wata Baturiya ce ta ɓata safiyarta tana yaga ta da gangan, tana shafa mata jan launi ba. Shi dai Bakano ne, kuma a inda ya tashi babban mutum ba ya fita gaban jama'a da yagaggiyar riga alhali akwai tela a wurin. Ya wanke ta, ya ɗinke, ya goge, ya tsaya jiran godiya.

Godiyar da ya samu, in ji shi, har masu jiragen ruwa sun ji ta. Aka sake yaga rigar a fusace, aka ci gaba da ɗauka. Amma an manta da ɗinki ɗaya a kafaɗar hagu, kuma yana nan a fim ɗin.

Ba wanda ya yarda. Tsohon kaset ɗinsa ya dushe, jarumin kansa da ƙyar ake bambanta shi da buhun albasa. Shugaban masu ƙaryatawa shi ne Alhaji Dikko, Bazazzagi mai harkar kago, wato jigilar kaya, wanda ya ɗauki tsokanar Kanawa a matsayin aiki na biyu.

"Malam, ina labarin amininka na Turai? Bai aiko da wando ba?"

"Alhaji, tsaya daidai, allura ce a hannuna."

Dariya yake yi, amma abin yana cin sa. Da idonsa ya fara gajiya, ya yanke shawarar komawa Kano a ƙarshen 2019, sai ya ce wa 'yarsa Wasila, ma'aikaciyar jinya, "Sunana a fim bai dame ni ba. Abin da ba na so shi ne in bar garin nan ana yi mini kallon maƙaryaci."

Wasila ta nemo sabon kwafin fim ɗin, wanda aka gyara hotonsa. Ranar Juma'ar walimar bankwana, a gidanta na Al Nahda, bayan an ga bayan masa da miyar taushe, ta kunna talabijin. Ita ma ba ta duba ba tukuna. Jarumi ya yi dambe a kan jirgin ruwa, ya dira ƙasa, ya ruga cikin kasuwa. Malam Ɗalhatu ya ce, "Nan." Ta tsayar, ta jawo hoton kusa.

Ga shi nan a kafaɗar hagu, tsakanin yaga da jini: ɗinki siriri, a ƙarshensa ɗan sawun kaza, alamar da yake rufe kowane gyara da ita. Ba wanda ya nemi bayani. Rabin ɗakin na sanye da wannan sawun. Alhaji Dikko ya duba bakin aljihunsa, ya dubi talabijin, ya sake duba aljihu.

"Khalas, shi ke nan," in ji shi. "Malam, na janye. Ashe ni da jarumin telanmu ɗaya."

Ɗaki ya kaure da shewa da kabbara. Malam Ɗalhatu kuwa ya matsa kusa, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Ya ɗan karkace," ya ce. "A gurguje na yi shi."

Malam Ɗalhatu, kai ne wanda bai iya ganin mutum cikin yagaggiyar riga ya wuce ba, ko da an biya kuɗi an yaga ta. Kai ne ka tura mu gaban masu ɗaukar aiki kamar 'ya'yan gata, alhali daga ɗakin mutum shida muka fito. Masana fim sun sa ɗinkinka cikin kurakuran fim ɗin. Mu da muka sa kwat ɗinka mun san ba kuskure ba ne, hali ne.

Mun gode, uban masu sutura. Allah ya kai ka gida lafiya, ya ƙara wa idonka haske. Sauran mu kuma, kowa ya duba abin da ke hannunsa, ko allura ce ko lambar wayar wani manaja, ya rufa wa sabon zuwa asiri da shi.

Kwat ɗin ba ta tafi Kano ba. Tana rataye a ofishin Alhaji Dikko, shi ya roƙa a bar masa. Mai bukata ya je ya karɓa. Zai sha labarin fim tukuna, domin yanzu Alhaji ne ke ba da shi, har ya fara cewa yana wurin.